Darasi Na Tara: Iskar Da Muke Shaƙa A Gadar Ƙasa Da Hanyoyin Ƙarƙashin Ƙasa

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abubuwan da ke cikin hayaƙin mota da illar kowannensu ga jiki;
2. bayyana yadda iska ke shiga da fita a gadar ƙasa da kuma doguwar hanyar ƙarƙashin ƙasa;
3. bayyana yadda ake auna iska a irin waɗannan wurare;
4. sanin abin da zai yi idan cunkoso ko gobara ta rutsa da shi a ciki.

Gabatarwa

Masu yasar rijiya suna da wata tsohuwar dabara. Kafin ɗayansu ya sauka rijiyar da ta daɗe a rufe, sai su ɗaura fitila mai ci a igiya su zura ta. In ta isa ƙasa tana ci, mutum ya sauka. In ta mutu a hanya, kowa ya dakata, a bar bakin rijiyar a buɗe, a yi ta kaɗa mata iska har sai an sake gwadawa. Waɗannan mutane ba su shiga aji ba, amma sun riƙe abu biyu da wannan darasi ya ginu a kansu. Na farko, duk wurin da yake a rufe, iskarsa tana iya lalacewa. Na biyu, ido da hanci ba su isa shaida a kan iska ba, sai an gwada.

Yau ramin da muke shiga ya wuce na rijiya. A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kaduna, a zamanin Gwamna Nasir Ahmad El-Rufa'i, ta ƙaddamar da shirin sabunta birane. A watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe wasu daga cikin ayyukan, har da sabuwar gadar Kawo da gadar ƙasa ta Leventis da ke tsakiyar gari. A Kano akwai irinta a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa da Dangi, a Katsina kuma akwai ta Ƙofar Ƙaura. Wanda Allah ya ba ikon sauke farali ya ga waɗanda suka fi waɗannan tsawo nesa ba kusa ba, domin an huda duwatsun Makka da Mina an yi hanyoyi a cikinsu, na motoci da na masu tafiya a ƙafa. Larabawa suna kiran irin wannan hanya nafaƙ.

Mu bambanta abu uku tun daga nan. Gadar sama ita ce wadda mota ke hawa, kamar ta Kawo; iska na kaɗa ta ta kowane gefe. Gadar ƙasa ita ce inda titi ke gangarawa ya ratsa ƙarƙashin wani titin, kamar ta Leventis. Rufaffen wurinta gajere ne, kana shiga kana hango mafita. Hanyar ƙarƙashin ƙasa kuwa doguwa ce, mai ratsa dutse ko ƙarƙashin kogi, wata ma sai a yi kilomitoci a ciki ba a ga rana ba. Gwargwadon tsawon rufin, gwargwadon wahalar da iska ke sha kafin ta sauya.

1. Me ke fitowa daga salansa?

Iskar da Allah ya ba mu haɗi ce. A cikin kashi 100, kimanin kashi 78 naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin, wato iskar da jini ke ɗauka ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Injin mota ma oksijin yake ci. Da shi yake ƙona fetur ko gas, sa'annan ya fitar da abin da ya rage ta salansa. Abubuwa uku ne a cikin wannan hayaƙi suka fi damun masu kula da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa.

Na farko shi ne kabon monoksaid. Yana samuwa ne idan mai ko gawayi ko itace bai ƙone sarai ba. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari, ba ya sa hawaye. Idan ya shiga huhu, jini ya fi kama shi fiye da yadda yake kama oksijin har sau 200 da ɗoriya. Ka ɗauka jini motar haya ce, oksijin kuma fasinjanta. Wannan guba sai ta riga fasinja shiga, ta cika kujeru, ta ƙi sauka. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, amma jikinsa yana yunwar iska. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da kasala da tashin zuciya. Daga nan sai ruɗewa, sai barci mai nauyi, sai suma. Ko an fitar da mutum sarari, jininsa kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya zubar da rabin abin da ya kwasa, shi ya sa a asibiti ake sa masa oksijin don a gaggauta. A nan fitilar masu yasar rijiya ba ta da amfani: tana iya ci da kyau a ɗakin da wannan guba ta isa ta kashe mutum.

Na biyu shi ne naitirojin dayoksaid, wanda ya fi fitowa daga injinan gas, wato na tirela da tanka da tifa da manyan bas. Shi yana da wari mai kartar maƙogwaro. Yana fusata hanyoyin numfashi, yana tayar da asma, ya fi kuma cutar da yara da tsofaffi.

Na uku shi ne baƙin ƙura, wato ƙananan ɓurɓushin da ke cikin hayaƙi, haɗe da wanda taya da birki ke saki idan suna cinyewa. Mafi haɗari a cikinsu su ne waɗanda suka fi silin gashi sirantaka har sau talatin. Hanci ba ya iya tace su. Suna wucewa can cikin huhu, wasu har cikin jini, kuma an tabbatar da alaƙarsu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. A rufaffiyar hanya suna da wata illar ta daban: suna dusashe fitilu, direba ya kasa hango motar da ke gabansa.

Mu sani cewa ko a sarari iskar garinmu tana ɗauke da kaya. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alƙaluman ƙurar iska na birane, inda biranen Nijeriya huɗu suka shiga cikin ashirin da suka fi yawanta: Onica da Kaduna da Aba da Umuahiya. A lokacin hunturu kuma iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi ta lulluɓe mu da hazo. Iskar da ke shiga gadar ƙasa ke nan tun kafin salansa ta ƙara nata.

2. Yadda gadar ƙasa ke numfashi

Gajeriyar gadar ƙasa ba ta buƙatar fanka, domin abu biyu na share mata iska kyauta.

Na farko iskar gari ce. Tun da baki biyu ne a buɗe, tana shiga ta nan ta fita ta can, kamar ɗaki mai taga biyu masu kallon juna. Duk matar da ta taɓa girki a madafa mai ƙofa ɗaya ba taga ta san bambancin.

Na biyu motocin ne da kansu. Mota mai gudu a cikin rufaffiyar hanya tana tura iskar gabanta, tana kuma jawo sabuwa a bayanta, kamar yadda sandar famfon keke ke tura iska a cikin bututunsa. Idan dukkan motocin gefe ɗaya suka nufa, turin yana da ƙarfi. Idan wasu na tafiya wasu na dawowa a rami guda, sai turin wannan ya kashe na wancan. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake gina dogayen hanyoyi da rami biyu, na tafiya daban, na dawowa daban.

To ina matsalar take? Tana ranar da motoci suka tsaya. A ce wata tifa ta lalace a bakin fita da yamma, lokacin da 'yan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ma'aikata ke komawa Kawo da Unguwar Dosa da Malali. Motoci da Keke Napep da babura sun cika kwarin, kowa ya bar injinsa a kunne. Famfon ya tsaya, hayaƙi bai tsaya ba. Ga bango dama da hagu, ga rufi a sama. In an yi rashin sa'a ranar babu iska, abin da salansa ta fitar yana nan yana zagaye tsakanin bango da bango. Mai mota yana iya ɗaga gilashi. Mai babur da fasinjan keke da yaron da aka goya ba su da gilashin da za su ɗaga, hancinsu kuma bai da nisa da salansar motar gaba.

Wanda ya wuce cikin daƙiƙa goma abin da ya shaƙa kaɗan ne. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ya mayar da wurin mazauni: mai talla da ke neman inuwa, almajirin da ke bara a bakin gada, mai shara, jami'in da ke ba da hannu, da masu babur da ke fakewa idan ruwan sama ya sauko. Guba lissafinta biyu ne: yawanta a iska, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana shaƙa.

3. Yadda ake ba doguwar hanya iska

Idan hanya ta yi tsawo, iskar gari da turin motoci ba sa wadatarwa, sai an haɗa da inji. Wannan darasi duniya ta koye shi ne a Amurka. Da aka tashi haƙa hanyar mota a ƙarƙashin Kogin Hudson don haɗa birnin New York da jihar New Jersey, tambayar da ta tsaya wa injiniyoyi ita ce yadda mutum zai yi tafiyar kilomita biyu da rabi a cikin hayaƙi ya fito da rai. An yi gwaje-gwaje a kan motoci da kuma jikin mutane, aka tsayar da cewa kada kabon monoksaid ya wuce kashi 4 cikin 10,000 na iskar ramin. Injiniya Ole Singstad ya tsara hanyar ba ta iska. Da aka buɗe ta a watan Nuwamban 1927, da sunan Hanyar Holland, tana da manyan fankoki 84 a cikin gine-gine huɗu, rabi na hura sabuwar iska, rabi na zuƙe gurɓatacciya. Suna iya sauya iskar ramin gaba ɗaya cikin daƙiƙa 90.

A yau tsari uku aka fi amfani da su.

*Tsarin turi a tsaye.* Ana rataye fankoki masu siffar ganga a rufin hanya, bibbiyu ko fiye, a jere. Suna tura iska daga baki ɗaya zuwa ɗayan, kamar yadda zugazugin maƙeri ke tura iska ta bututu guda. Alhazai sun san su: su ne masu rugugin nan da ake ji a sama idan an shiga nafaƙ a hanyar zuwa jifan Shaiɗan. Shi ne tsari mafi sauƙin kuɗi. Aibinsa shi ne iskar tana ƙara datti tana tafe, har ta fi muni a kusa da mafita.

*Tsarin gicciye.* Shi ne na Hanyar Holland. Akwai bututun sabuwar iska da ke bin tsawon hanyar yana sakinta ta ƙananan kafofi a ƙasa, akwai kuma wani a rufi yana zuƙe hayaƙi. Iska tana ratsa hanyar ne daga ƙasa zuwa sama, saboda haka ko'ina tsabtarta kusan ɗaya ce. Ya fi tsada wajen gini da cin wuta.

*Tsarin tsaka-tsaki.* Bututu ɗaya ne, ko na hurawa ko na zuƙewa, sauran aikin kuma bakunan hanyar su yi.

Akwai kuma tambayar inda hayaƙin zai je bayan an fitar da shi, domin akwai gidaje a bakin hanya. Wasu wuraren ana gina dogon bututu a tura shi sama. A ƙasar Nowe akwai hanyar Laerdal, wadda aka buɗe a shekarar 2000, mai tsawon kilomita 24.5, wato kusan sulusin tafiyar Kaduna zuwa Zariya, duk a cikin dutse. A cikinta an gina wata matata da ke tsotse ƙura da naitirojin dayoksaid daga iskar kafin ta ci gaba da tafiya.

4. Yadda ake auna iska

Fanka ba ta san lokacin da ake buƙatarta ba sai an gaya mata. Masu gaya mata su ne na'urorin awo da ake kafawa a bango, tazara bayan tazara. Su ne fitilar masu yasar rijiya ta wannan zamani. A da, masu haƙar kwal a Ingila suna shiga rami da ɗan tsuntsu kanari a keji, domin guba ta fi saurin kayar da shi fiye da mutum. Ba a daina hakan ba sai a 1986, da na'urori suka karɓi aikin.

Abu huɗu ake aunawa:

1. Kabon monoksaid. Ma'auninsa kashi ne cikin miliyan. Ka ƙaddara ƙwayar gero miliyan ɗaya a buhu, ka jefa baƙaƙen ƙwayoyi 70 a ciki. Wannan shi ne kashi 70 cikin miliyan, kuma kusan nan ne ƙasashe da yawa suke sa iyaka a hanyoyinsu. In awo ya kai wajen 200, ana rufe hanyar.
2. Naitirojin dayoksaid. Da yake sababbin motoci sun rage fitar da kabon monoksaid, a ƙasashe da dama wannan ne yanzu aka fi sa wa ido. Iyakarsa ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin miliyan ba.
3. Hasken gani. Na'ura tana harba haske zuwa wata da ke nesa kaɗan. Gwargwadon hasken da ya ɓace a tsakani, gwargwadon ƙura da hayaƙin da ke iskar.
4. Gudun iska da inda ta nufa. Wannan ya fi muhimmanci ranar gobara, domin shi ke nuna inda hayaƙi zai bi.

Duk waɗannan alƙaluma suna tafiya ɗakin kula, inda ma'aikata ke zaune dare da rana gaban allunan kwamfuta da hotunan kyamara. In awo ya hau, fankoki su ƙara gudu da kansu. In ya ƙi sauka, a kunna jar wuta a bakin hanya a hana shiga. Na'urar kuma ita ma tana buƙatar kulawa: a goge mata ƙura, a gwada ta da iskar da aka san ma'auninta, a tanadar mata wutar ko-ta-kwana. Na'urar da ƙura ta toshe tana iya nuna lafiya lau alhali mutane na shaƙar guba, kuma wannan ya fi rashinta muni, domin an dogara da ita.

5. Ranakun da iska ta gaza

Ranar 2 ga Yulin 1990, a lokacin aikin Hajji, cunkoso ya auku a nafaƙin Mu'aisim, hanyar masu tafiya a ƙafa da ke Mina, mai tsawon kimanin mita 550. Mutane sun cika ramin fiye da abin da zai iya ɗauka, ga tsananin zafi, kuma rahotanni sun nuna cewa na'urorin ba da iska sun tsaya. Alhazai 1,426 suka rasu, da yawansu daga Indunusiya da Malesiya da Pakistan. Allah ya jiƙansu da rahama. Babu mota ko ɗaya a wannan rami. Jikin ɗan Adam kansa yana cin oksijin, yana fitar da zafi da gumi, kuma dubban mutane a rufaffen wuri suna buƙatar iska mai tafiya kamar yadda motoci ke buƙata.

Ranar 24 ga Maris 1999 wata babbar mota ɗauke da fulawa da man shafa wa burodi ta kama wuta a tsakiyar hanyar Mon Bulan, mai tsawon kilomita 11.6, wadda ta ratsa dutse tsakanin Faransa da Italiya. Wutar ta yi fiye da kwana biyu tana ci, zafinta ya kai digiri 1,000. Mutum 39 suka mutu, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su, da yawa kuma a cikin motocinsu aka same su. Bincike ya gano cewa kowane ɓangare yana da nasa ɗakin kula, kuma iskar da aka hura daga ɓangaren Italiya ta ƙara tura hayaƙin kan waɗanda ke ɓangaren Faransa. Sai da aka rufe hanyar shekara uku. Da aka sake buɗe ta a 2002, an haɗa kulawarta a hannu ɗaya, an kuma gina ɗakunan tsira a kowane mita 300. A 2004 Tarayyar Turai ta kafa doka a kan manyan hanyoyinta na ƙarƙashin ƙasa da suka wuce mita 500, wadda ta tilasta sa injinan iska a duk wadda ta wuce mita 1,000 in motoci na da yawa a cikinta.

Abin lura a nan shi ne fanka tana iya ceto, tana kuma iya halakarwa, ya danganta da inda aka juya ta. Ƙa'idar ita ce a tura hayaƙi gefen da babu mutane, da gudun da ya kai kimanin mita 3 a daƙiƙa, don kada ya juyo baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

6. Abin da ya rataya a wuyanmu

Gadojin ƙasanmu gajeru ne, amma garuruwanmu na girma, kuma tun ran gini ran zane. Kafin a kai ga gina doguwar hanya, ya kamata a saba da awo. A jiharmu ta Kaduna akwai hukumar kare muhalli ta KEPA, akwai KASTLEA mai kula da zirga-zirga, akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a tarayya kuma akwai NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli. Haƙƙin ɗan gari ne ya tambaya, ta hannun mai unguwa ko kansila ko ƙungiyar direbobi, ko ana auna iskar wuraren cunkoso irin su tashar Kawo da Leventis, kuma a ina ake sanar da sakamakon.

Ga abin da ke hannun kowa:

- Direba: in cunkoso ya tsayar da kai a ƙarƙashin rufi fiye da minti ɗaya ko biyu, kashe inji. Ka ɗaga gilashi, ka rufe kafar da ke jawo iskar waje. In ka hango ciki a cushe, ka jira a sarari. Motar da ke baƙin hayaƙi a kai ta gareji. Mai take ɓarnatarwa, lafiyar jama'a take ci.
- Mai babur da mai keke: kada ka manne wa salansar tirela. Kada ka mayar da gadar ƙasa mafakar ruwa, domin bayan hayaƙi akwai haɗarin motar da ke gangarowa da ruwan da ke taruwa a kwari.
- Iyaye da malaman tsangaya: kada a bar yara su yini a bakin gada da sunan talla ko bara. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba.
- In gobara ta tashi: kashe inji, bar makulli a jiki don masu ceto, fita da ƙafa, ka nufi gefen da hayaƙi ba ya bi. Ka sunkuya, domin hayaƙi mai zafi sama yake fara taruwa. Kaya ba su kai rai ba. Lambar gaggawa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122.
- In tankar mai ta faɗi: tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya kwanta a kwari, gadar ƙasa kuwa kwari ce. Ka yi nisa, ka hau tudu. A watan Oktoban 2024, a garin Majiya na Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu lokacin da wata tanka da ta faɗi ta kama wuta ana kwasar mai.
- Takunkumi: mai kyau yana rage ƙura, amma ba ya tare kabon monoksaid ko kaɗan.

Wannan ilimi bai tsaya a titi ba. Shagon da aka kunna janareta aka ja ƙofa, ɗakin da aka shigar da kaskon gawayi a daren hunturu aka toshe taga, garejin da aka bar mota tana ɗumi a rufe, kowannensu ƙaramar hanyar ƙarƙashin ƙasa ce marar fanka, marar na'urar awo. In mutanen ɗaki guda suka kama ciwon kai da jiri a lokaci ɗaya, ba zazzaɓi, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, kada a tsaya neman maganin cizon sauro. A buɗe ƙofa da taga, a kashe injin ko a fitar da wutar, a fitar da kowa sarari, a garzaya asibiti a faɗa wa likita abin da ake zargi. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarawo. Ana sake sayen inji.

Sababbin kalmomi

- *Oksijin:* sashen iska da jiki da wuta suke buƙata.
- *Kabon monoksaid:* guba marar launi marar wari da ke fitowa idan mai ko gawayi bai ƙone sarai ba.
- *Naitirojin dayoksaid:* iska mai kartar maƙogwaro da ta fi fitowa daga injin gas.
- *Nafaƙ:* sunan hanyar ƙarƙashin ƙasa da Larabci.
- *Kashi cikin miliyan:* ma'aunin abin da yake ɗan kaɗan ƙwarai a cikin iska.
- *Ɗakin kula:* inda ake sa ido a kan na'urori da fankoki.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gadar sama da gadar ƙasa da hanyar ƙarƙashin ƙasa?
2. Me ya sa hanci ba zai iya gargaɗin mutum a kan kabon monoksaid ba? Me ya sa fitilar masu yasar rijiya ma ba za ta iya ba?
3. Kawo abu biyu da ke sauya iskar gajeriyar gadar ƙasa. Wanne ne ke tsayawa idan an yi cunkoso?
4. Bayyana bambancin tsarin turi a tsaye da tsarin gicciye.
5. Lissafa abu huɗu da ake aunawa a doguwar hanya.
6. Wane kuskure aka yi da iska a gobarar Mon Bulan?
7. Lissafi: in fankoki suna sauya iskar hanya gaba ɗaya cikin daƙiƙa 90, sau nawa za su sauya ta a awa ɗaya?

Aikin yi

A kasu rukuni-rukuni. Rukunin farko su tsaya a sarari, nesa da titi, inda za su hango wata mahadar motoci a unguwarsu, su ƙirga motocin da ke baƙin hayaƙi cikin minti goma, su rubuta irinsu. Rukuni na biyu su zanta da wani alhaji ko wata hajiya a kan abin da suka gani suka kuma ji a cikin nafaƙ. Sa'annan kowane ɗalibi, in ya koma gida yau, ya zagaya ya duba abu uku: inda janareta yake, inda ake hura gawayi, da ko ɗakin da yara ke kwana yana da mashigar iska da mafitarta. A kawo abin da aka gani, da abin da aka gyara, a darasi na gaba.